Kwamfutocin da Suka Ƙi Gama Gaisuwa

Akwai mutumin da zai yi 'yan watanni a birnin Kano ya dawo yana kiran fartanya kayan tarihi. Irin wannan mutumin shi ne Abdulmutalib na unguwar Daura a Karaye. Ya je koyon kwamfuta a wani shago da ke bayan tasha, ya dawo da baƙar jaka mai zif da yawa, da tabarau marar magani, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa a cikin motar dawowa. Tun daga ranar ba a ƙara jin daɗin shan shayi a unguwar ba, domin kowace hira aka ɗauko, ko ta tsadar taki ce, sai ya karkatar da ita ta koma kan kwamfuta.

Yayansa Bahauddeen, wanda ke riƙe da gonar gadonsu a Tudun Kaya, ba mutum ne mai yawan magana ba. Ya saurari ƙanen nasa damina guda, sannan ya ce masa, "Ka ga, Abdu, ko dai ka sami aiki kafin cirar gyaɗa, ko ka zo ka sunkuya kamar kowa."

Abdulmutalib ya tafi teburin mai shayi ya dafa ƙugu ya ce wa jama'a su zama shaida, bayan nan nasa ya gama lanƙwasa, daga yau sai kujera mai juyawa. Mutane suka ce sun shaida, kuma mutanen Karaye ba sa manta shaida irin wannan.

Ana haka sai ƙungiyar manoman gyaɗa ta Karaye da Rogo ta samo kwamfutoci shida na hannu, irin masu murfi da ake ɗorawa a cinya. Babu komai a cikinsu na aikin ofis, ba ta buga takarda, ba ta lissafi, sai dai wani faifai mai ɗauke da manhajar aikin ofis ɗin da aka haɗo su da shi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanmaliki, ya ce duk wanda ya shirya su suka yi aiki ranar buɗe ɗakin kwamfuta, shi za a ba riƙon ɗakin. Kafin ya rufe baki Abdulmutalib ya riga ya miƙe da faifan a hannu.

"Alhaji, wannan faifan da ka gani, ɗan tambaya ne. Ka saka shi ya ce me sunanka. Ka faɗa, ya ce a ina zai zauna. Ka nuna masa, ya ce ka yarda? Ka ce ka yarda, ya ce ka tabbata? Ai sai ka tsufa a gabansa. Ni zan rubuta masa amsoshin gaba ɗaya in cusa masa a ciki, in buga sabon faifai. Ka saka shi kawai ka tafi ka sha fura, ka dawo ka tarar ya gama."

"Ba zai tambayi komai ba?" in ji Alhaji.

"Ko ruwan sha ba zai nema ba."

Gaskiya ɗaya, kuma ba da son raina nake faɗar ta ba, wannan ɓangaren ya iya shi. Ya zauna ya rubuta amsoshin, wajen sunan mai kwamfuta ya sa nasa har da Injiniya, ya buga faifan, ya gwada a kan guda ɗaya a ofishin ƙungiya. Manhajar ta shiga da kanta, ta buɗe farin shafi tana jira. Da a nan ya tsaya, da yanzu yana kan kujera mai juyawa.

Sai dai a wurin akwai Baba Tsoho, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, mutumin da in ka gaishe shi a kan hanyar kasuwa to ka haƙura da cinikin safe. Ya leƙa farin shafin, ya dubi Abdulmutalib, ya ce, "Shi ke nan? Ya shigo gidan mutane ya zauna, ko sallama babu?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ta soki Abdulmutalib fiye da yadda kowa ya zata. Ya ce, "Baba, waɗanda suka ƙera shi ne ba su da tarbiyya. Ni zan ba shi."

Washegari da hantsi ya shiga ɗaki, ya kulle ƙofa, ya kafa wayarsa a gaba don ya ɗauki muryarsa. Ya gyara murya ya rangaɗa sallama.

"Wa alaikumus salam, waye?" in ji maƙwabciyarsu Maiturare daga bayan katanga.

Ya goge, ya sake.

"Wa alaikumus salam. A shigo mana, ba kowa."

Ya goge, ya sake da ƙaramar murya. Wannan karon Maiturare ta yafa mayafi ta zagayo har tsakar gida tana tambayar matarsa Munawwara ko wane baƙo ne aka bari a tsaye tun ɗazu. Munawwara ta ce, "Ba baƙo ba ne, Inna. Maigidan ne yake koya wa faifai ladabi."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Maiturare, ta koma.

Da aka rabu da Maiturare sai zakara ya shiga cikin ɗaukar, bayan zakara mai tallan manja. Sai wajen azahar ya samu abin da yake so: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Bayan kowace tambaya ya bar fili don a amsa, domin a cewarsa gaisuwar da ba a jira amsarta ba ai sanarwa ce.

Daga nan ya shiga gyare-gyaren da shi kaɗai zai iya tunaninsu. Ya cire maɓallin da ake danna a tsallake, saboda ba a katse mai gaisuwa. Ya hana kwamfutar yin shiru in an rufe murfinta, saboda ba a rufe wa mai gaisuwa ƙofa. Ya sa faifan ya kwafe kansa a cikin kwamfutar ya zama ɗan gida. Sannan ya ba shi doka: in ka gama ɗora manhaja, ka yi gaisuwa, bayan ɗan lokaci ka kashe kwamfutar ka kunna ta yadda aka saba, in kuwa ka farka ka tarar gaisuwa ba ta kai ƙarshe ba, to aiki bai kammala ba, ka faro komai daga farko. Ɗan lokacin nan ya auna shi daidai da tsawon gaisuwarsa, ya ƙara kaɗan.

Munawwara tana tsintar shinkafa tana sauraron bayanin da ba ta nema ba. Ta ce, "Yanzu in mutum yana sauri fa?"

"Mai sauri ya je ya rubuta da biro."

Ya ɗaure kwamfuta ɗaya a bayan babur ya tafi reshen ƙungiya na Ruwan Bago don ya nuna wa mutanen Rogo. A gaban jama'a kwamfutar ta yi sallama da muryarsa, ta tambayi kwana da gajiya da iyali, aka amsa mata baki ɗaya, ta kashe kanta ta kunna, ta buɗe farin shafi. Aka yi ta jinjina kai. Abdulmutalib ya cire tabarau ya goge ya mayar, ko da yake ba abin da ya same shi.

Sai Lukumanu, shugaban reshen, ya ce, "Abu ya yi kyau. Amma Injiniya, gaisuwar ta yi irin ta 'yan birni. Ba ta tambayi gona ba."

"Za a sa."

"Da dabbobi."

"Za a sa."

"Kuma a ambaci mutanen Rogo da suna, tun da kwamfutocin nan ba na Karaye kaɗai ba ne."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne."

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mutanen Karaye suka ce in za a ambaci Rogo, to su a fara da su, unguwa-unguwa. Hajiya Rumasa'u, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli, ta aiko a ce in ba a tambayi aikin suya da matsar mai ba, mata ba za su zo buɗewar ba. Masu sayen gyaɗa suka ce a sa musu ya kasuwa. Baba Tsoho ya zo da kansa ya ce a tambayi ƙafa, domin tasa ta daɗe tana damunsa kuma ba mai tambaya. Ba wanda Abdulmutalib ya ce wa a'a, saboda kowa da Injiniya yake fara roƙonsa. Ya yi ta ɗauka yana jonawa, gaisuwa ta yi ta tsawo kamar layin masu jiran taki, mutanen Rogo kuma, da yake su ya fara yi wa alkawari ya manta, sai a can ƙarshe ya liƙa su. Abin da bai taɓa ba shi ne ɗan lokacin nan da ya auna tun gaisuwar tana gajeriya.

"Ka gwada sabon?" in ji Munawwara.

"Injiniya ba ya gwaji sau biyu."

"Ni dai ko miya ce in na ƙara ruwa sai na ɗanɗana."

"Shi ya sa ba a kiran ki Injiniya."

Ranar buɗewa ɗakin ya cika har taga. Dagaci ya zo, Liman Malam Yelwa ya zo, mutanen Rogo sun zo mota guda suka zauna gefe ɗaya, mata suka zauna ta baya da sababbin atamfofi. Babbar baƙuwa ita ce Hajiya Nuriyya, wata jami'ar aikin gona daga birni, wadda aka shirya za ta buga layin farko da hannunta. Abdulmutalib ya sha babbar riga, ya jera kwamfutocin shida a kan dogon tebur, kowace ya jona mata 'yar lasifika da ya aro wajen masu tallan magani a kasuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saka faifai yana cirewa, sannan ya naɗe hannu.

"Jama'a, ku shaida. Daga nan ba zan ƙara taɓa komai ba."

Alhaji Ɗanmaliki ya miƙe don jawabi. Ya kai ga gode wa dagaci sai kwamfuta ta farko ta yi sallama. Ɗaki gaba ɗaya ya amsa, har da Alhajin. Ta tambayi kwana, aka ce lafiya lau. Mutane suna murmushi suna kallon juna. Tana kan ina gajiya ta biyu ta yi sallama, aka amsa. Ta uku ta shigo. Ta huɗu. Nan da nan aka sami Abdulmutalib shida suna gaisuwa a ɗaki ɗaya, wannan yana tambayar iyali, wancan yana tambayar awaki, jama'a suna juya kai hagu da dama suna rarraba amsa. Dagaci ya ce wa ta uku kasuwa alhamdu lillahi alhali ƙafa ta tambaye shi.

Alhaji ya jira. Ta farko ta gaishe da unguwannin Karaye, ta gaishe da masu ƙuli-ƙuli, mata suka yi guɗa, ta tambayi ƙafa, sai ta yi ɗif ta mutu.

"Kun gani," in ji Abdulmutalib. "Yanzu za ta farka da farin shafi."

Ta farka. Ta yi 'yan rubuce-rubucenta. Ta yi sallama.

Aka amsa, amma wannan karon ba kowa ya yi murmushi ba. Alhaji ya dubi Abdulmutalib ta saman tabarau. "Injiniya, ba mun gaisa da wannan ba?"

"Ƙarin ladabi ne, Alhaji. Na sa mata ne saboda manyan baƙi."

Ƙarya yake yi, kuma gumin da ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula ya san ƙarya ne. Lokacin da ya auna yana cika kafin gaisuwa ta ƙare, kwamfutar ta kashe kanta, ta farka ta ga ba a gama gaisuwa ba, ta bi dokarsa ta faro daga farko. Haka ta biyu ta yi, haka ta uku. Alhaji ya sake ɗaukar jawabinsa sau da dama, amma bai taɓa wuce gode wa dagaci ba, har dagacin ya ce ya yafe sauran godiyar.

Wani daga baya ya ce, "Allah gafarta Malam, wai dole ne a amsa wa inji?"

Malam Yelwa ya shafa gemu. Ya ce shi dai bai taɓa cin karo da mas'alar ba, amma muryar ta mutum ce, kuma ga mutumin a tsaye, saboda haka zai fi son a amsa. Sai dai da sauƙi, in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Ba a yi ko shawara ba, ido duka ya koma kan Baba Tsoho. Aka ɗauke shi da kujerarsa aka ajiye a gaban tebur.

Da farko Baba Tsoho ya ji daɗi ƙwarai. Duk wadda ta tambayi ƙafa sai ya fara ba ta labari tun daga faɗuwar da ya yi a rijiya, ita kuwa ta wuce ta bar shi. Ya ce, "Wannan ta tsakiyar ba ta da haƙuri." Bayan ɗan lokaci ya daina labari ya koma lafiya lau. Daga baya ya koma lau. Aka kawo masa ruwa.

A nan ne Lukumanu ya miƙe, mutanen Rogo suka miƙe a bayansa.

"Alhaji, muna zaune muna ji. An gaishe da Karaye unguwa-unguwa, an sake, an kuma sake. An gaishe da ƙuli-ƙuli. An gaishe da ƙafar Baba. Mu da muka taso tun daga Ruwan Bago ko sau ɗaya ba a ambace mu ba."

"Kuna ciki," in ji Abdulmutalib da sauri. "Wallahi kuna ciki, a ƙarshe."

"To me ya sa da ta kusa zuwa kanmu sai ta mutu?"

"Duk shidan kuwa," in ji wani a bayansa. "Wannan ai shiri ne."

Mutanen Karaye suka ce wane irin shiri, mutanen Rogo suka ce irin wanda aka saba, aka tono rabon irin gyaɗa na wata shekara da kowa ya ce ya manta. Ɗaki ya kaure, kwamfutoci suna ta tambayar kowa gajiya.

Abdulmutalib ya manta alkawarin ba zai taɓa komai ba. Ya danna nan ya danna can, ba abin da ya motsa, domin shi da hannunsa ya cire maɓallin. Ya buɗe mazubin faifai ya nuna wa jama'a ba komai a ciki, kamar wannan zai taimaka. Ya rufe murfin ta farko, ta ci gaba da gaishe da masu sayen gyaɗa daga ciki. Ya cire wa ɗaya lasifika, ta koma yi da ƙaramar muryarta, Baba Tsoho ya matsa kusa ya kara kunne don kada amsa ta wuce shi. Alhaji ya ce a kashe janareto. Aka kashe, fanka ta tsaya, zafi ya sauko, kwamfutoci suka ci gaba da batirinsu.

"Sababbi ne baturan," in ji Abdulmutalib, don ko a wannan hali bai iya barin abin yabo ya wuce ba. "Ni na zaɓo su."

Hajiya Nuriyya, wadda tun ɗazu take toshe baki da gefen mayafi, ta matso ta ce, "Malam, ni layi ɗaya kawai aka ce in buga. Yaushe zan samu?"

"Da ta gama gaisuwa, Hajiya."

"Yaushe za ta gama?"

Hajiya Rumasa'u ce ta amsa daga baya, ta ce in dai ta gaji halin mai ita ne, to Hajiya ta nemi wurin kwana.

Baƙuwa ta yi sallama da Alhaji ta tafi, ta ce a kira ta in an gama gaisawa. Mutanen Rogo suka ƙi tafiya, suka ce sai sun ji sunansu ko sun ga ƙarshen abin. Mutanen Karaye suka ƙi tafiya don kada a ce sun gudu. Haka aka zauna cikin zafi, ana jiran batir ya ƙare. Sai bayan la'asar suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Ta ƙarshe ta tsaya a tsakiyar tambayar awaki, Baba Tsoho ya ɗaga mata hannu kawai, domin muryarsa ta riga ta tafi.

Shiru ya sauka a ɗakin, irin wanda mutum yake jin daɗinsa har cikin ƙashi. Ba wanda ya ko yi tari.

"Assalamu alaikum."

Ba wanda ya motsa. Dagaci ya runtse ido. Lukumanu ya harari tebur yana neman wadda ta farfaɗo.

"Assalamu alaikum," aka sake, da ƙarfi.

Bahauddeen ne a bakin ƙofa, ƙurar gona har gwiwa, muryarsa kuwa sak ta ƙanensa. Ya dubi ɗaki cike da dattawa, da liman, da dagaci, ransa ya ɓaci sosai.

"Tun da nake ban taɓa yin sallama a taron Musulmi an yi mini shiru ba. Me na yi muku?"

Malam Yelwa ya zabura ya amsa yana istigfari. Alhaji Ɗanmaliki ya share gumi ya ce, "Yi haƙuri, Malam Bahauddeen, ba kai ba ne. Ƙanenka ne ya cinye amsar gari kaf, tun safe." Ya juya ga Abdulmutalib. "Ajiye mana mabuɗin ɗakin a kan tebur, ka je ka gaisa da yayanka."

Abdulmutalib ya ajiye mabuɗin. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne rabin mutanen teburin mai shayi suna ɗakin, waɗanda ya sa su shaida. Ya bi ta tsakiyarsu ya fita, ba wanda ya yi dariya, shi kuwa da dariyar aka yi da ta fi masa sauƙi.

A waje babur ɗin Bahauddeen yana jingine, an ɗaure fartanya biyu a bayansa. Bahauddeen ya kwance su ya miƙa masa.

"Gyaɗa ta nuna. Riƙe, wurin zamanka suka tare."

"Yaya, da babbar riga?"

"Ka naɗe ta. Hau."

Ya naɗe, ya hau, ya rungume fartanyu a ƙirji. Da suka kai kwanar fita gari sai Abdulmutalib ya gyara murya.

"Ka san, Yaya, cirar gyaɗar nan ma, akwai yadda za a tsara ta ta riƙa yin kanta."

"Akwai," in ji Bahauddeen. "Kai ne tsarin. Gobe da asuba za ka fara."